Kunya da Kwarjini a Gaban Kwamiti: Nazarin Ingancin Ganawar Ɗaukar Ma'aikata

Tsakure

Ganawa da masu neman aiki, wadda aka fi sani da intabiyu, ita ce matakin ƙarshe da akasarin ma'aikatu ke dogara da shi wajen zaɓen ma'aikata. Wannan maƙala ta bi diddigin binciken masana halayyar ɗan'adam daga 1920 zuwa 2022 domin gano ko ganawar na iya hasashen ƙwazon ma'aikaci, sannan ta auna sakamakon da tarbiyyar Bahaushe ta kunya da ƙin yabon kai. An gano cewa sakakkiyar ganawa, wadda kowane ɗan kwamiti ke tambayar abin da ya ga dama, ta fi auna kwarjini da iya magana a kan iya aiki, kuma wanda aka raina da kunya shi ne ya fi cutuwa a cikinta. Tsararriyar ganawa kuwa, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kuma ba da maki bisa ma'aunin da aka rubuta tun farko, ta fi inganci da adalci. Maƙalar ta kawo matakan tsara irin wannan ganawa, da shawarwari ga masu neman aiki.

Fitilun Kalmomi: ganawa, ɗaukar aiki, kunya, kwarjini, maki

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga Maris, 2014, dubban ɗaruruwan matasa suka yi dafifi a filayen wasa na manyan biranen Nijeriya domin zana jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, alhali guraben da ake da su ba su kai dubu biyar ba. Turmutsutsun da ya biyo baya ya yi sanadin rasa rayuka a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Wannan al'amari ya nuna irin nauyin da gurbin aiki guda yake da shi a ƙasar da masu nema suka ninka guraben sau da dama. Duk wanda ya tsallake irin wannan tankaɗe da rairaya har ya zauna a gaban kwamitin ganawa, ya cancanci a auna shi da ma'auni na gaskiya. Ita ma ma'aikatar tana da abin da za ta rasa, domin baragurbin ma'aji ko malamin da bai iya koyarwa ba na iya shafe shekaru yana ɓarna kafin a rabu da shi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shugabannin ma'aikatu da yawa sun yi imanin cewa da zarar mutum ya shigo ya yi sallama za su gane ko zai iya aiki. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: shin fuska da kalami na minti ashirin sun isa hujjar ɗaukar wani a bar wani?

1.1 Hanyar Gudanar da Nazari

An gina nazarin ne a kan bitar ayyukan da aka wallafa a fannin halayyar ɗan'adam a wuraren aiki, musamman waɗanda suka kwatanta makin da mutum ya samu a ganawa da ƙwazon da ya nuna bayan an ɗauke shi. An kuma duba tanade-tanaden dokokin Nijeriya da suka shafi ɗaukar aiki, da abin da masana suka rubuta game da ɗabi'un Hausawa. Misalan tambayoyi da amsoshi da za a gani a sassa na 5.0 da 6.0 ƙirƙirarru ne domin fayyace bayani.

2.0 Ire-iren Ganawa

Masana sun kasa ganawar ɗaukar aiki gida biyu. Ta farko ita ce sakakkiyar ganawa, wadda take kama da hira. A cikinta akan buɗe da cewa mai nema ya gabatar da kansa, daga nan zance ya bi duk inda ya ga dama. Wani za a tambaye shi garinsu da makarantar da ya yi, wani a tambaye shi labaran duniya, wani kuma a ɗauki lokaci ana muhawara da shi a kan darasin da ya karanta a jami'a. A ƙarshe 'yan kwamiti su haɗa kai su faɗi wanda ya fi kwanta musu a rai.

Ta biyu ita ce tsararriyar ganawa. Campion da Palmer da Campion (1997) sun lissafa abubuwa 15 da ke ba ganawa tsari, amma ana iya taƙaita su a cikin ginshiƙai uku: a ciro tambayoyi daga ainihin aikin da za a yi, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, sannan a auna kowace amsa da ma'aunin da aka rubuta kafin a ga fuskar kowa.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna

3.1 Saɓanin Masu Ganawa

Shakku a kan sakakkiyar ganawa ba sabon abu ba ne. Hollingworth (1922) ya ba da rahoton wani gwaji a Amurka inda manajoji 12, dukkansu gogaggu a harkar tallace-tallace, suka gana da masu neman aiki 57, kowane manaja ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Jerin nasu ya saɓa ƙwarai, har aka sami mutum guda da wani manaja ya sa shi na ɗaya, wani kuma ya sa shi na 57. Idan awo biyu na hatsi ɗaya suka bambanta haka, to matsalar tana ga mudun.

3.2 Yaɗuwar Kwarjini

Thorndike (1920) ya duba yadda hafsoshin sojan Amurka ke ba na ƙasa da su maki a kan ƙirar jiki da basira da shugabanci da hali. Ya lura cewa makin yana tafiya tare fiye da kima: wanda aka ga yana da kyan tsayuwa sai a ɗauka yana da basira da riƙon amana. Wannan shi ne abin da za a iya kira yaɗuwar kwarjini, wato siffa guda mai ɗaukar ido ta mamaye hukuncin da ake yi a kan sauran siffofi. A ɗakin ganawa, tsaftatacciyar shiga da murya mai ƙarfi da santsin Turanci su ne suka fi haifar da wannan ruɗi.

Son zuciya yakan fara aiki tun kafin a haɗu. Bertrand da Mullainathan (2004) sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a biranen Boston da Shikago, suna sauya sunayen da ke kai kawai. Takardun da ke ɗauke da sunayen da aka san fararen fata da su sun sami kiran ganawa da ya ɗara na masu sunayen baƙaƙen fata da kashi 50 cikin ɗari. Darasin ya wuce batun launin fata, domin a ko'ina suna na iya bayyana ƙabila ko addini ko yanki.

3.3 Darasi daga Jihar Teksas

A 1979, majalisar dokokin Jihar Teksas ta umarci wata makarantar koyon likitanci ta jami'ar jihar da ta ƙara yawan ɗalibanta daga 150 zuwa 200, bayan an riga an kammala zaɓe. Dole makarantar ta koma ta ɗebo mutum 50 daga cikin waɗanda kwamitin ganawa ya riga ya ƙi. DeVaul da abokan aikinsa (1987) sun bi sawun rukunonin biyu, kuma ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu, ko a jarrabawa, ko a aikin asibiti, ko a yawan masu barin karatu. Wannan na nuna cewa dogon lokacin da manyan likitoci suka ɓata suna ganawa bai raba gwani da wanda ba gwani ba.

3.4 Alƙaluman Inganci

Masana na auna ingancin kowace hanyar zaɓe da wani ma'auni da ke tashi daga 0 zuwa 1. Idan hanyar ta sami 0, babu wata alaƙa tsakanin makinta da ƙwazon ma'aikaci. Idan ta kusanci 1, hasashenta ya yi daidai ƙwarai. Schmidt da Hunter (1998) sun tattara binciken shekara 85, suka ba tsararriyar ganawa 0.51, sakakkiya 0.38, yawan shekarun aiki 0.18, yawan shekarun karatu kuma 0.10. Sackett da abokan aikinsa (2022) sun sake lissafin bayan sun gyara wasu kurakuran ƙididdiga. A sabon lissafin tsararriyar ganawa ce ta zo kan gaba da 0.42, gwajin sanin aiki ya sami 0.40, gwajin aiki a aikace 0.33, gwajin basira 0.31, sakakkiyar ganawa kuwa ta faɗo zuwa 0.19.

Abubuwa biyu ne suka fito fili. Na farko, tsari kaɗai ya ninka ingancin ganawa fiye da sau biyu a sabon lissafi. Na biyu, ko hanyar da ta fi kowace ba ta kai rabin ma'auni ba, don haka hikima ita ce a haɗa ganawa da gwajin aiki, kada a dogara da ɗaya.

4.0 Kunya a Gaban Kwamiti

Kirk-Greene (1974), a nazarinsa kan mutumin kirki a wajen Hausawa, ya lissafa siffofi goma, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da ladabi da kunya. Yaron da ya tashi a gidan tarbiyya an koya masa ya sunkuyar da kai idan babba na magana, kada ya ƙura masa ido, kada ya katse shi, kada kuma ya ɗaga murya. An kuma koya masa cewa yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ta fi tsanani a kan 'ya'ya mata.

Sakakkiyar ganawa, kamar yadda littattafan shawarwari na Turai da Amurka suka yaɗa ta, tana buƙatar kishiyar wannan duka. Ana so mai nema ya kalli mai tambaya ido cikin ido, ya lissafa nasarorinsa da bakinsa, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ya fi sauran. Idan ɗan kwamiti ya ce, "Malama, faɗa mana abin da ya sa kika fi kowa cancanta," mai kunya za ta iya amsawa da cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai zan yi iya ƙoƙarina." Kwamitin da ba shi da rubutaccen ma'auni zai fassara wannan a matsayin rashin ƙarfin gwiwa ko rashin sani, alhali ladabi ne. Shi kuwa mai baki, ko da aikinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya tashi da maki mai yawa. Ta haka ma'aikata ke rasa masu amana, ta kwashi masu kalami.

Harshe ma wani shinge ne. Galibin ganawa a ma'aikatun Nijeriya da Turanci ake yi, a Nijar kuma da Faransanci. Idan aikin na buƙatar rubuta rahoto da harshen hukuma, auna harshen ya zama wajibi. Amma direban motar asibiti ko ma'aikaciyar lafiya da za ta yi hulɗa da matan karkara, rashin santsin Turancinsu bai shafi ainihin aikin ba, hasali ma iya Hausar ce aikin ya fi buƙata.

Doka ma tana da ta cewa. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 14(3) ya tanadi daidaiton wakilci a ma'aikatun tarayya, wanda Hukumar Raba Daidai da aka kafa a 1996 ke sa ido a kai. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta buƙaci ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki gwargwadon iko. Kwamitin da ba ya rubuta maki ba shi da abin da zai nuna idan aka zarge shi da saɓa wa waɗannan tanade-tanade.

5.0 Yadda Ake Tsara Ganawa

Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, ya ba da labarin yadda aka ɗora masa gyaran tsarin ganawa da sababbin sojoji a Isra'ila a 1955, yana ɗan shekara 21. Ya zaɓi siffofi shida, ya tsara tambayoyi a kan abubuwan da mutum ya taɓa yi a rayuwarsa, ya kuma umarci masu ganawa su ba kowace siffa maki daga 1 zuwa 5, ɗaya bayan ɗaya. Masu ganawar sun yi ƙorafin an mayar da su tamkar na'ura, sai ya yarda su ƙara nasu ra'ayin a ƙarshe. Sabon tsarin ya fi tsohon inganci, kuma shi kansa ra'ayin ƙarshen ya zama mai amfani, saboda ya zo ne bayan an tattara hujjoji. Ke nan tsari bai kore basirar shugaba ba, jinkirta ta yake yi har sai ta sami abin tsayawa a kai. Ga matakan da ma'aikata za ta iya bi:

Na ɗaya, a nazarci aikin. Flanagan (1954) ya gabatar da dabarar tattara muhimman aukuwa, wato a tambayi waɗanda suka san aikin su kawo lokutan da wani ya yi abin yabo ko abin zargi. Daga nan ake fitar da siffofi biyar ko shida da aikin ke buƙata.

Na biyu, a rubuta tambayoyi iri biyu. Akwai tambayar abin da ya wuce, wadda Janz (1982) ya yi fice a kanta, bisa fahimtar cewa abin da mutum ya yi jiya shi ne manunin abin da zai yi gobe. Hausawa ma sun ce hali zanen dutse. Akwai kuma tambayar ƙaddarawa, wadda Latham da abokan aikinsa (1980) suka gabatar, inda ake zana wa mai nema wani yanayi a tambaye shi yadda zai yi. Irin ta biyu ta fi dacewa da sababbin kammala karatu.

Na uku, a rubuta ma'aunin amsa. A ɗauki misalin gurbin mai kula da sito a makarantar kwana. Tambaya: "Malam, a ce wani babba a makaranta ya aiko a ba shi buhun shinkafa biyu ba tare da takarda ba, ya ce zai sa hannu gobe. Yaya za ka yi?" Wanda ya ce zai bayar tunda babba ne, maki 1. Wanda ya ce zai hana kawai, maki 3. Wanda ya ce zai je da kansa cikin ladabi ya kai takardar a sa hannu kafin kaya su fita, idan aka ƙi kuma ya sanar da shugaban makaranta a rubuce, maki 5. Mai kunya da mai baki duk za su iya cin maki 5 a nan, domin abin da aka faɗa ake aunawa.

Na huɗu, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna. A al'ummar da ake girmama na gaba, da zarar shugaban kwamiti ya furta ra'ayinsa, da wuya ƙarami ya saɓa masa. Saboda haka ya kamata shugaba ya zama na ƙarshen magana.

Na biyar, a haɗa da gwajin aiki. Ba a cinikin biri a sama: malami ya koyar da darasi na minti goma, akawu ya daidaita lissafin wata guda, direba ya tuƙa mota. Idan aikin na buƙatar iya magana a bainar jama'a, a nan ne za a auna ta a matsayin siffa guda mai makinta, ba tare da ta mamaye sauran ba.

Na shida, a guji tambayoyin da ba su shafi aiki ba, kamar batun aure da haihuwa da aƙida da jam'iyya, sannan a adana takardun maki. Tsari ba zai hana alfarma ba idan an riga an yanke hukunci a bayan fage, amma rubutaccen maki na barin sawu, kuma mai son karkatar da sakamako ya san za a iya bin sawun.

6.0 Shawarwari ga Mai Neman Aiki

Mai nema ba shi ne ke zaɓar irin ganawar da za a yi masa ba, amma yana iya shigar da hujja a cikin kowace iri. Hanya mafi sauƙi ita ce ya bambanta yabon kai da ba da labari. Cewa "ni mai gaskiya ne" yabon kai ne, kuma ba ya gamsar da kowa. Amma idan ya ce, "Lokacin da nake hidimar ƙasa an damƙa mini kuɗin jarrabawar ɗalibai, na buɗe littafi ina rubuta sunan duk wanda ya biya tare da ba shi rasit, da aka zo bincike lissafi ya cika daidai," to labari ya bayar, kuma kunyarsa ba ta zube ba.

Yana da kyau ya karanta sanarwar aikin da kyau, ya fitar da siffofin da ake nema, ya tanadi labari na gaskiya guda a kan kowace. Kowane labari ya ƙunshi halin da aka shiga, da abin da shi kansa ya yi, da yadda aka ƙare. A nan sai ya kula da al'adar cewa "mun yi" a inda ya kamata ya ce "na yi", domin kwamiti na son sanin rawar da shi ya taka. Wanda bai taɓa aikin albashi ba yana iya ɗebo misalai daga kasuwancin gida, ko koyarwa a makarantar Islamiyya, ko shugabancin ƙungiyar ɗalibai.

Game da kallo, ba a buƙatar ƙura wa dattijo ido. Ya isa mutum ya ɗaga kai lokacin da yake amsawa, ya kuma yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji. Idan bai fahimci tambaya ba, ya nemi a maimaita. Idan bai san amsa ba, ya faɗi gaskiya, ya bayyana yadda zai nemo ta, domin kame-kame ya fi rashin sani zubar da daraja.

7.0 Kammalawa

Binciken shekara ɗari ya tabbatar da cewa sakakkiyar ganawa rarraunan ma'auni ce, kuma masu yin ta sun fi yarda da ita fiye da yadda sakamakonta ya cancanta. A ƙasar Hausa rauninta ya ƙaru, saboda tana hukunta mutum a kan kunya da ladabin da al'umma ta koya masa, alhali ana buƙatar waɗannan ɗabi'u tare da amana a wurin aiki. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: tambayoyi shida da aka ciro daga aikin, ma'aunin maki a rubuce, makin kowane ɗan kwamiti shi kaɗai, da ɗan gwajin aiki. Tunda galibin alƙaluman da aka kawo daga Amurka da Turai suka fito, akwai fili ga manazarta a jami'o'in Nijeriya da Nijar su bi sawun ma'aikatan da aka ɗauka ta hanyoyin biyu, su kuma gwada tasirin gudanar da ganawa da Hausa a guraben da hulɗa da jama'a ce ainihin aikinsu.